Darasi na Tara: Taurin Abubuwa da Yadda Ake Auna Shi

Maƙerin da ya san aikinsa ba ya miƙa wa mahauci sabuwar wuƙa sai ya goga mata magagari a baki. Idan magagarin ya ci ƙarfen har gari ya zubo, to wuƙar ba ta yi ba, kafin a gama fiɗar akuya guda ta dakushe. Idan kuwa ya zame ya wuce bai kama komai ba, bakin ya yi tauri, wuƙar za ta daɗe da kaifinta. Wannan ɗan gwaji da ba ya cin minti guda, shi ne dai ake yi a masana'antun ƙera motoci da jiragen sama, sai dai su da na'ura suke yinsa, kuma lamba suke rubutawa a ƙarshe. Darasin nan zai bayyana inda waɗannan lambobi suka samo asali, da abin da suke nufi, da amfanin saninsu ga maƙeri, da mahaƙin ma'adinai, da makanike, da magini, har da uwargidan da ta je kasuwa sayen ɗankunnen zinare.

Abin da ake nufi da tauri

A wurin masana, taurin abu shi ne yadda fuskarsa ke ƙin karcewa, ko ƙin lotsawa idan an danna wani abu a kanta. Tsawo yana da mita, nauyi yana da kilo, zafi yana da digiri, amma tauri ba shi da ma'auni guda da duniya ta haɗu a kansa. Dalili kuwa shi ne ba a sanin taurin abu sai an gwabza shi da wani, a ga wanda zai bar wa ɗan'uwansa tabo.

Hanyoyin gwabzawar uku ne. Ko dai a karci abin, ko a danna masa wani abu mai tsini ko mulmulalle a auna ramin da ya bari, ko a buga masa wani abu a ga yadda zai yi tsalle ya dawo. Kowace hanya da irin lambarta.

Tsanin Mohs

A shekarar 1812, wani Bajamushe masanin duwatsu mai suna Friedrich Mohs yana aikin tsara tarin ma'adinai a birnin Giraz na ƙasar Ostiriya. Launi ya kasa taimakonsa wajen rarrabe su, domin dutse iri ɗaya yakan fito fari a nan, ja a can, kore a wani wuri. Sai ya koma ga dabarar da mahaƙa suka daɗe da sani: dutse mai tauri yana kartar wanda bai kai shi ba, amma wanda bai kai shi ba ba ya iya ramawa. Ya zaɓi ma'adinai goma, ya jera su daga mafi taushi zuwa mafi tauri, kowanne yana kartar duk na ƙasa da shi:

1. Talki, wanda ake niƙawa a yi hodar shafawa
2. Jifsam, wanda ake sakawa a siminti da filastar ɗaurin karaya
3. Kalsayit, asalin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti
4. Fulorayit
5. Afatayit, wanda ake samun sinadarin takin zamani daga gare shi
6. Felsifa, ɗaya daga manyan sassan dutsen da ake fasawa a yi tsakuwar gini
7. Kwaz, wanda shi ne mafi yawan ƙwayoyin yashi
8. Tofaz
9. Korandam, wato dangin yaƙutu ja da shuɗi
10. Daimon

Abin da ya sa tsanin nan ya rayu fiye da shekara ɗari biyu shi ne, mutum yana iya aiki da shi a daji da abin da ke aljihunsa. Farcen ɗan Adam yana kan 2.5, saboda haka yana kartar jifsam amma ba ya kartar kalsayit. Wayar jan ƙarfe da ke cikin kebul ɗin lantarki tana wajen 3. Bakin wuƙa da gilashin taga suna wajen 5.5. Magagari yana wajen 6.5. Wanda ya tsinci farin dutse, farce ya kasa shi amma wuƙa ta karce shi, ya san taurinsa yana tsakanin 2.5 da 5.5, don haka ba kwaz ba ne.

Akwai ƙa'ida guda da sabon shiga ke mantawa. Bayan an karta, a share wurin da jiƙaƙƙen yatsa. Sau da yawa farin layin da ake gani garin abin da aka yi kartar da shi ne ya zube, kamar yadda alli ke barin zane a jikin allo. Idan layin ya goge, ba a karci komai ba. Karta ta gaskiya tana barin kwari wanda farce zai ji.

A wuraren haƙar zinare na Zamfara da na Jamhuriyar Nijar, wannan ilimi kuɗi ne. Akwai wani ma'adini mai ƙyalli, ruwan ɗorawa, ana kiransa farayit, wanda ya sha ruɗin mahaƙa a duk faɗin duniya. Zinariya tana tsakanin 2.5 da 3, wuƙa tana shiga jikinta, kuma idan aka buga mata guduma sai ta baje ba tare da ta fashe ba. Farayit yana tsakanin 6 da 6.5, wuƙa ba ta kartarsa, guduma kuwa dagargaza shi take yi. Taushin zinariya ne kuma ya sa ba a cika yin kayan adon da za a riƙa sawa kullum da zallarta ba. Zallar ita ce karat 24. Ana gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa domin ta ƙara tauri: karat 21 na nufin kashi 87.5 cikin ɗari zinariya ce, karat 18 kuma kashi 75.

Masu cinikin duwatsu masu daraja su ma suna da darasi a nan. Shuɗin yaƙutun da ake haƙowa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba yana kan 9, don haka ƙwayar kwaz ba ta iya kartarsa, amma tana kartar gilashi mai launi da aka goge don a yi damfara da shi. Sai dai gwajin yana da iyaka. Yaƙutun da aka haɗa a masana'anta shi ma 9 ne, karta ba ta bambanta shi da na ƙasa. Haka nan wanda ya ce dutsensa daimon ne don kawai ya yanki gilashi bai kawo hujja ba, domin kwaz ɗin da ke zube a rafi ma yana yin haka.

Lambar 7 ta kwaz ita ce ke bayyana ɓarnar da ƙura ke yi. Yashi da ƙurar hunturu suna ɗauke da ƙananan ƙwayoyin kwaz, waɗanda suka fi gilashi da yawancin ƙarafa tauri. Mukulli a aljihu ba ya cika kartar fuskar wayar hannu, amma ƙwayar yashi guda tana yi. Tabarau yana dushewa idan ana goge shi a bushe da bakin riga. Injin mota ko na babur da ke shaƙar iska ba tare da matatar iska mai kyau ba, ƙura ce ke cinye cikinsa. Ko fatar haƙori, wadda ita ce mafi tauri a jikin mutum, tana kan 5 ne kawai, shi ya sa tsakuwa a cikin shinkafa ke iya ɓantare ta.

Rauni ɗaya da tsanin ke da shi shi ne, matakansa ba daidai suke da juna ba. Jeri kawai yake nunawa. Korandam ya ninka tofaz tauri kusan sau biyu, daimon kuma ya ninka korandam kusan sau huɗu, alhali mataki ɗai-ɗai ne tsakaninsu. Ga mai masana'antar da ke son bambanta ƙarfe da ƙarfe, wannan bai wadatar ba.

Ƙwallon Brinell

A ƙarshen ƙarni na 19, layukan dogo da injuna sun cika Turai, kuma masu narkar da ƙarfe suna neman hanyar da za su san ingancin abin da suka zuba ba tare da sun karya shi ba. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Johan August Brinell, wanda ke aiki a masana'antar ƙarfe ta Fagersta, ya gabatar da mafita a babban baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris a 1900.

Dabararsa ba ta da wuyar fahimta. Ana ɗora ƙwallo mai tsananin tauri, faɗinsa milimita 10, a kan ƙarfen da za a gwada, sai na'ura ta danna shi da nauyin kilo 3,000 na tsawon daƙiƙa 10 zuwa 15. Idan aka ɗaga, sai a auna faɗin ramin da ya bari da madubin ƙara girma, a raba nauyin da girman fuskar ramin. Amsar ita ce lambar Brinell, ana rubuta ta da haruffan HB. Ramin da faɗinsa ya kai milimita 5 yana ba da 143. Mai milimita 4 yana ba da 229. Mai milimita 3 yana ba da 415. Gwargwadon ƙanƙantar rami, gwargwadon taurin ƙarfe.

Ga ƙarafa masu taushi ana rage nauyin. A wannan ma'auni dalma tana wajen 5, zallan alminiyam wajen 15, jan ƙarfe wajen 35, ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da taga da shi kuma wajen 120. Injiniyoyi sun kuma gano cewa a yawancin nau'o'in baƙin ƙarfe, lambar Brinell tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin da ƙarfen zai iya ja kafin ya tsinke. Da ɗan rami guda, sai a ƙiyasta ƙarfin sanda sukutum.

Rockwell da Vickers

Gwajin Brinell yana cin lokaci, kuma raminsa babba ne, yana lalata ƙananan kaya. Wannan ya dami wasu injiniyoyi biyu, Hugh Rockwell da Stanley Rockwell, da ke aiki a wata masana'antar ƙera boris a jihar Konetikat ta Amurka. A 1914 suka nemi rajistar wata na'ura, aka ba su a 1919. Tasu na'urar zurfin rami take aunawa, kuma da kanta take nuna lambar a kan agogo cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Mafi shahara cikin ma'aunanta shi ne wanda ake rubutawa HRC, na ƙarfen da aka taurara. Ana amfani da tsinin daimon mai siffar mazurari. Da farko a danna shi da kilo 10 domin ya zauna daram, sannan a kai nauyin kilo 150, a sake mayar da shi 10, a auna bambancin zurfin. Kowane maki guda yana daidai da milimita 0.002, kuma daga 100 ake ragewa. Ƙarfen da ya ba da 60 HRC, tsinin ya nutse a cikinsa da milimita 0.08 kacal. Wuƙaƙen girki masu kyau suna tsakanin 55 da 62, magagari kuma yana sama da 60. Wannan ne ya sa magagari ke zamewa a kan wuƙar da ta taurara sosai: taurinsu ya yi kusa da juna.

A 1921 kuma, Robert Smith da George Sandland na kamfanin Vickers a Ingila suka fito da tasu hanyar, mai amfani da tsinin daimon mai siffar dala mai fuska huɗu. Ramin yana fitowa da kusurwa huɗu, ana auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa, a rubuta lambar da HV. Fa'idarta ita ce ana iya yin ta da nauyin da bai kai kilo guda ba, don haka tana gwada siririn falle, da gefen walda, da ɓawon haƙorin giyar mota wanda aka taurara wajensa kawai.

Saboda yawan ma'aunan nan, lamba ita kaɗai ba ta faɗin komai. 60 a ma'aunin HRC ƙarfe ne da zai yanki wani ƙarfe, amma 60 a ma'aunin HB ƙarfe ne mai taushi irin tagulla. Mai karanta takardar kaya dole ya dubi haruffan da ke tare da lambar.

Roba, katako da kankare

Roba ba ta riƙe rami, da an ɗaga sai ta dawo yadda take. Don haka ana auna ta da wata 'yar na'ura ta hannu da Ba'amurke Albert Shore ya ƙirƙira, mai allura da ke nutsewa a jiki, ana karanta lambar tun allurar tana ciki, daga 0 zuwa 100. A ma'aunin Shore A, robar ɗaure kuɗi tana wajen 25, tayar mota kuma tsakanin 60 da 70. Taya mai taushi ta fi kama kwalta amma tana saurin cinyewa, mai tauri tana daɗewa amma tana santsi a kan jiƙaƙƙiyar hanya.

Katako yana da gwajin Gabriel Janka, ɗan Ostiriya, na 1906: ana auna ƙarfin da ake buƙata kafin ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 ya nutse rabi a jikin itacen.

Kankare kuwa ana gwada shi da hanyar tsalle. A 1948 injiniya Ernst Schmidt na ƙasar Suwizalan ya ƙera wata na'ura da ake dannawa a jikin ginshiƙi, wani ƙarfe a cikinta ya buga ya dawo. Kankaren da ya sha siminti isasshe yana mayar da bugun da ƙarfi, wanda aka cika wa yashi kuwa shanye shi yake yi. Da ita injiniyoyi ke fara binciken bene idan ana shakkar ingancinsa, ba tare da an fasa komai ba.

Daga ina tauri ke fitowa?

Baƙin abin da ke cikin fensir da daimon duk sinadari ɗaya ne, wato kabon. Na fensir yana tsakanin 1 da 2 a tsanin Mohs, daimon yana kan 10. Bambancin yana cikin yadda ƙwayoyin zarra suka kama juna. A cikin daimon kowace ƙwaya tana riƙe da huɗu ta kowace fuska, babu inda za a tura ta ta matsa. A cikin fensir an jera su ne falle-falle, fallayen suna zamewa a kan juna, abin da ya zame shi ne rubutun da ake gani a takarda.

Wannan tsari na ciki shi maƙeri ke juyawa da wuta. Ƙarfen da ke ɗauke da kabon kimanin kashi 0.6 zuwa 1 cikin ɗari, irin na sifirin mota da maƙera ke nema a wurin 'yan gwangwan, idan aka zuga shi ya yi ja har ya kai wajen digiri 800, ƙwayoyinsa suna sake jeri. Alamar an kusa kaiwa ita ce maganaɗisu ya daina kama shi, abin da ke faruwa a digiri 770. Idan aka bar shi ya huce a hankali, sai ya yi taushi. Idan aka tsoma shi nan take cikin ruwa ko mai, kabon ɗin yana maƙalewa a inda yake, ƙarfen ya yi tauri ƙwarai. Yawancin ƙusoshi da wayoyi ba su da isasshen kabon, don haka ko sau nawa aka tsoma su ba za su zama wuƙa ba.

Amma ƙarfen da ya fito daga ruwa yana da gautsi, yana iya tsagewa idan ya faɗi a kan dutse. Shi ya sa ake goge shi a sake ɗumama shi a hankali, ana kallon launin da ke bayyana a fuskarsa. A wajen digiri 220 zuwa 230 yana yin launin busasshen kara, wanda ya dace da abin yanka. A wajen digiri 300 yana yin shuɗi, ya rasa wani kaso na taurinsa amma ya sami danƙon lanƙwasawa ya dawo, wanda shi ake so ga sifirin da zarto.

Tauri daban, jure bugu daban, kuma daimon kansa shaida ne. A 1905 aka haƙo daimon mai suna Cullinan a Afirka ta Kudu, nauyinsa karat 3,106, fiye da rabin kilo. A 1908 Joseph Asscher ya raba shi biyu a birnin Amstadam na ƙasar Holan, ta hanyar ɗora bakin ƙarfe a wani tsagi da aka yi masa, ya buga. Babu ƙarfen da zai iya kartar wannan dutse, amma bugu a daidai jijiyarsa ya tsaga shi.

Don haka injiniya yakan nemi taurin da ya dace da aiki ne. Gatari da guduma ana barinsu ƙasa da taurin wuƙa saboda bugu suke sha. Haƙorin giya ana taurara ɓawonsa a bar cikinsa da danƙo. Bakin injin haƙar rijiyar burtsatse, wanda ke huda dutse mai cike da kwaz da felsifa, ana dasa masa ƙananan haƙora na wani haɗin tangistan da kabon mai taurin kusan 9, amma jikinsa baƙin ƙarfe ne mai jure girgiza, domin da an yi shi duka da wannan haɗi, da ya farfashe tun kafin a kai ga ruwa.

Tambayoyi da aikin yi

1. A kawo hanyoyi uku da ake bi wajen auna tauri, da misalin na'ura ko gwaji na kowace hanya.
2. Wani dutse ya karci gilashi, amma tofaz ya karce shi. Tsakanin waɗanne lambobi taurinsa yake?
3. Ta yaya mahaƙi zai bambanta zinariya da farayit da wuƙa da guduma kawai?
4. An gwada ƙarafa biyu da ƙwallon Brinell. Ramin na farko milimita 3 ne, na biyu milimita 5. Wanne ya fi tauri, kuma mece ce lambar kowanne?
5. Me ya sa maƙeri ke sake ɗumama wuƙa bayan ya tsoma ta a ruwa?
6. Kowane ɗalibi ya zo aji da abubuwa biyar, kamar alli, sabulu, gawayi, kasko da farar tsakuwa. A gwada su da farce, da wayar jan ƙarfe, da jikin kwalbar da ba ta fashe ba, a jera su daga mafi taushi zuwa mafi tauri, sannan a kwatanta jerin da na sauran 'yan aji.